Muryoyin Da Suka Raka Mu Zaman Kurmi



A ranar Juma'a 6 ga Yuni 2025, ranar da aka yi Babbar Salla, dattijon mawaƙin nan na ƙasar Ibo, Mike Ejeagha, ya mutu a Inugu yana da shekara 95. Kafin shi da wata shida, a farkon Disambar 2024, Allah ya karɓi ran matashin mawaƙinmu El-Mu'az Birniwa a Kaduna, bayan ya yanke jiki ya faɗi a wajen wasan ƙwallo. Kafin shi kuma, ranar 30 ga Yuli 2024, Onyeka Onwenu, wadda ta tashi a Fatakwal, ta mutu a Legas jim kaɗan bayan ta gama waƙa a wani taron biki. Mutum uku ke nan cikin ƙasa da shekara guda, tsoho da matashi da mace, ɗaya namu, biyu na masu masaukinmu.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Mu fatake ne da mahauta da 'yan canji da direbobi. Amsar ita ce, wanda duk ya zauna da dattawanmu ya ce su ba shi tarihin zamanmu a nan, ba za su yi nisa ba sai sun ambaci sunan wani mawaƙi. Tarihin zangonmu ba a littafi yake ba. Mafi yawansa yana bakin tsofaffi, sauran kuma yana cikin kaset. Tsofaffin suna ta tafiya, kaset ɗin yana ruɓewa a ƙarƙashin gado, masu muryoyin da ke cikinsa kuma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu tsaya mu lissafa su, mu kuma faɗi abin da suka yi mana.

Yadda kiɗan gida ya biyo mu

Kakanninmu sun san hanyar kurmi tun kafin Bature, amma jirgin ƙasa ne ya yawaita mu. A 1916 aka haɗa dogo daga Fatakwal zuwa Inugu saboda kwal, a 1927 ya haɗe da na Arewa ta Kafanchan, a 1932 aka buɗe gadar Makurɗi. Daga nan shanu suka riƙa gangarowa a tarago, mutane na biye da su. Zaman ya yi ƙarfi har a shekarun 1950 wani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma da ƙuri'ar mutanen gari ya hau.

Inda duk mahauci ya sauka kuwa, kalangu na bayansa, domin tun asali kalangu kiɗan mahauta ne. Da shi ake sanar da an yi yanka, da shi ake yi wa Sarkin Fawa kirari, da shi ake zuga 'yan dambe. Saboda haka mawaƙanmu na farko a ƙasar nan makaɗan mayanka ne da maroƙan biki da suna, waɗanda suka yi zamaninsu suka wuce ba wanda ya ɗauki muryarsu, ba wanda ya rubuta sunansu. Su ne farkon waɗanda ya kamata mu yi wa addu'a.

Bayansu sai rediyo. An buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma gajeren zangonsa, mita 49, yana isowa har bakin teku. Iyayenmu kan ba da labarin yadda ake kewaye akwati guda bayan sallar isha'i, ana murɗa shi a hankali har murya ta fito. Shirin Zaɓi Sonka kuwa shi ne wayar zamanin. Mutum na Diyobu zai rubuta kati ya gai da mahaifiyarsa a Gumel, ya zaɓa mata waƙa, ita kuma da ta ji sunansa ta san ɗanta na raye.

Sai rikicin 1966 da yaƙin da ya biyo baya, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Zangunanmu suka watse, kamar yadda Sabon Garin Kano da na Zariya suka watse, kowane ɓangare da gawarwakinsa da asararsa. Da ƙura ta lafa aka fara dawowa da ɗai-ɗai, kuma dawowar ta zo daidai da shigowar rikoda mai batir. Mu da muke cikin shekarunmu na hamsin yanzu, a wannan zamanin muka buɗe ido. Motar da ta kawo albasa ko wake ko shanu, ita ce ke kawo sabon kaset a aljihun direba, kafin mako ya zagayo ya gama rumfuna.

Namu na gida

Babu wanda ya cika rumfunan nan kamar Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina, ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu, kuma bai ware kowa ba. Ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa da manomi da soja. Abin da ya sa ya shiga ranmu mu 'yan ci-rani shi ne yawan ambaton garuruwa da hanyoyi da mutanen da ke cikinsu. Kana zaune a Bridge Head ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, sai ka ji ya ambaci garinku, ka ji kamar an buɗe maka taga. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Shata ya yi sa'ar da 'yan'uwansa ba su yi ba, domin Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun bi diddigin rayuwarsa sun fitar da littafi babba a kansa.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, mai kotso, mutumin Bakura, ya riga shi tafiya tun 1991. Shi kuma fada ya kawo mana. Yaron da aka haifa a Asata, bai taɓa ganin hawan salla ba, bai san Galadima ko Madawaki ba, a bakin Ɗanƙwairo ya fara jin yadda ake jera sarauta da yadda ake yi wa babba magana. Mahautanmu kuma nasu gwanin shi ne Ɗan Anace, saboda waƙoƙinsa na 'yan dambe irin su Shago.

Amma in ana maganar wanda ya fi kama da mu, to Ɗan Maraya Jos ne. Sunansa Adamu, an haife shi a Bukuru a 1946, wato shi ma ɗan zango ne, a cikin Hausawan da haƙar kuza ta kai ƙasar da ba tasu ba. Iyayensa suka rasu yana ƙarami, sarkin Hausawan garin ya riƙe shi. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce, yaron da ke kwana a kan kaya, ya sa wa taya waigi, ya sha zagin direba. Duk wanda ya san tashar manyan motoci ta Obigbo ko kasuwar shanu ta Lokpanta ya san wannan yaron, wasunmu ma su ne shi a da. Ɗan Maraya ya yi waƙa a kan auren dole da gulma da zaman mai akwai da mai babu, har malamai kan ce wa'azi ne aka sa masa tsirkiya. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni 2015, a farkon azumin shekarar.

Iyayenmu mata da ke cikin gida su ma da tasu. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, mai amada da kiɗan ƙwarya, ita ce ke ɗebe musu kewa a gidajen haya masu ɗaki ɗai-ɗai, inda mace ba ta da uwa ba ta da ƙanwa kusa. Tana da waƙa sananniya da take kiran mata su kama sana'a, kuma da yawa daga cikin matan da suka riƙe gidaje a nan da tuwon sayarwa da ƙosai da kitso sun ɗauke ta tamkar da su take. Ta rasu a watan Maris 2013. Haka Haruna Uji na Haɗeja mai gurmi, wanda direbobi ba sa tafiyar dare sai da kaset ɗinsa, da Hassan Wayam mai kukuma da ya rasu a Zariya a 2020. 'Yan'uwanmu na Nijar da muke zaune tare, masu shayi da masu gadi da 'yan koli, su ma sun yi rashin Malam Mamman Barka a 2018.

Na masu masauki

Ba za mu yi adalci ba in muka tsaya a nan. Kunne ba shi da ƙofa. Wanda ya shekara talatin a kasuwar Ogbete ko babbar kasuwar Anaca ya sha kiɗan mutanen nan ko yana so ko ba ya so, a motar haya, a shagon maƙwabci, a wajen bikin ɗan mai gidan haya. Da yawanmu a nan muka tsinci rabin yaren da muke ciniki da shi.

A Fatakwal sunan da ya fi kowane shi ne Rex Lawson, Bakalabare mai busa ƙaho, wanda ya mutu a haɗarin mota a Janairun 1971 bai kai shekara arba'in ba. Har yau akwai cibiyar al'adu mai sunansa a cikin gari. A ƙasar Inugu akwai Celestine Ukwu, mai sanyin kiɗa da zurfin magana, shi ma haɗarin mota ne ya ɗauke shi a 1977. Osita Osadebe mutumin Atani ne, nan kusa da Anaca. Waƙarsa ta 1984, Osondi Owendi, ma'anar sunanta shi ne abin da ya yi wa wani daɗi shi ke ɓata wa wani rai, kuma babu ɗan kasuwar da zai musa wannan. Ya mutu a Amurka a watan Mayu 2007. Oliver De Coque mai jita ya bi shi ranar 20 ga Yuni 2008, rana ɗaya da Ɗan Maraya, shekara bakwai tsakani.

Abin da yaranmu ba su sani ba shi ne, Anaca da suke gani garin kayan gyaran mota da magani, a da cibiyar faifai ce ta ƙasa baki ɗaya. Kamfanin Tabansi yana nan, haka Rogers All Stars. Wannan na biyun shi ne ya fitar da Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga a 1976, bayan wani babban kamfani na Legas ya ƙi karɓarta, ta kuma zama ɗaya daga cikin faya-fayan da suka fi ciniki a tarihin Afirka. Waƙa ce a kan wahalar da uwa ke sha da ɗanta, cikin Turancin kasuwa, shi ya sa ta ratsa kowace ƙabila. Mbarga, wanda uwarsa 'yar Najeriya ce ubansa ɗan Kamaru, ya mutu a haɗarin babur a Kalaba a Yunin 1997. Daga baya titin Iweka ya zama wa kaset da finafinan Kudu abin da kasuwar Ƙofar Wambai ta zama wa namu a Kano.

Shi kuwa Ejeagha da muka fara da shi, in kana son ka gane shi, ka ɗauke shi Ɗan Marayan ƙasar Ibo. Mutumin Imezi Owa ne a yankin Ezeagu. Tatsuniya yake yi da jita, ta kunkuru da giwa da sauran dabbobi, ya cusa karin magana da hannunka-mai-sanda a ciki, kamar yadda kakanninmu ke yi mana da gizo da ƙoƙi. Onyeka Onwenu kuma, ban da waƙa, 'yar jarida ce, kuma an fi saninta da kiran zaman lafiya da haɗin kai. Mu da muka ga abin da ya faru a Anaca a Fabrairun 2006, da Obigbo a Oktoban 2020, mun san kuɗin wannan kira.

Yadda ƙarshensu ke kasancewa

A nan ne abin takaicin yake, kuma iri ɗaya ne a Arewa da Kudu. Yadda harkar take a da, kamfani kan biya mawaƙi sau ɗaya ko ya yanka masa ɗan kaso, faifan ya zama na kamfani. Da kaset ya zo, kowa mai rikoda biyu ya zama kamfani, ana kwafa ana sayarwa, mai waƙa ba ya ganin ko kwabo. Da waya ta zo sai masu turi suka karɓa, a cika maka katin waya da waƙa ɗari a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Mawaƙin gargajiya dama da kyautar iyayen gida yake rayuwa. Ranar da murya ta dushe, ko iyayen gidan suka mutu, shi ke nan.

Ku dubi Magajiya Ɗambatta. A shekarun 1970 muryarta na cikin waɗanda gidajen rediyon Arewa suka fi sakawa. Ta tsufa, ta makance, har ta kai ga bara da ɗan jagora, mutane na jin waƙarta ba su san tana raye ba. Sai da ɗan jarida Jaafar Jaafar ya fito da labarinta aka tara kuɗi domin a gina mata gida. Ba ta daɗe ba bayan haka ta rasu, a Oktoban 2021.

Ku dubi Ejeagha. Ya yi shekaru yana fama da shari'a a kan haƙƙin waƙoƙinsa, ya tsufa a gidansa na Abakpa, duniya ta manta da shi. Sai a 2024 wani matashi mai barkwanci da ake kira Brain Jotter ya ɗauki wata waƙarsa ta 1983 ya yi rawa da ita a intanet, ta game duniya. Nan da nan aka fara tururuwa zuwa gidansa, gwamnatin jiha ta gyara titin unguwar ta sa masa sunansa. Ya ga wannan da idonsa yana da shekara 94, bai cika shekara guda ba bayan haka ya tafi. An gode da aka yi, amma shekara arba'in waƙar na nan, shi ma yana nan.

Mutuwar El-Mu'az kuma ta tuna mana cewa ba tsofaffi kaɗai ke tafiya ba. Shi na zamanin fiyano ne da situdiyo, irin waƙar da ta biyo finafinan Kano tun ƙarshen shekarun 1990, wadda ita ce yaranmu ke ji a waya. Dattawa na iya cewa ba su san shi ba. To su tambayi 'ya'yansu. Yaron da aka haifa a Mile 1, wanda Turancin kasuwa ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, sau da yawa irin waɗannan waƙoƙi ne suka riƙe masa harshen.

Abin da ke kanmu

Mun san akwai masu cewa bai dace mai jan salla ya yi rubutu a kan makaɗa ba. Maganar kiɗa malamai sun daɗe suna saɓani a kanta, kuma wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Ba kuma cewa muke duk abin da mawaƙan nan suka faɗa daidai ne ba, akwai zambo, akwai batsa, akwai yabon wanda bai cancanta ba. Amma abu biyu ba saɓani a kansu. Musulmin da ya rasu yana da haƙƙin addu'a a kanmu, a kuma kame baki daga aibata shi, hisabinsa na wurin Ubangijinsa. Maƙwabci kuma yana da haƙƙin maƙwabtaka ko addininku ba ɗaya ba. In babban mutum ya mutu a garin da kake neman abinci, mutanen garin na baƙin ciki, ka je ka ce musu sannu. Zumunta a ƙafa take. Irin wannan takawar ce dattawanmu suka yi har aka ba su filin masallaci da maƙabarta da kasuwa.

Saboda haka ga shawara, ga sarakunan Hausawanmu da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da matasa masu ilimin kwamfuta.

Na farko, a tattara kaset. Akwai gidaje a Asata da titin Bida da Diyobu da ke da buhunan kaset na iyaye, ciki har da na bukukuwan da aka yi a nan, inda maroƙi ke kiran sunayen mutanen zango ɗaya bayan ɗaya da garuruwansu da sana'o'insu. Wannan rajista ce da babu irinta a ofishin kowa. Damshin ƙasar nan ba ya barin kaset, in ba a juye su a kwamfuta yanzu ba, nan da 'yan shekaru babu abin da za a ji.

Na biyu, a zauna da tsofaffin da suka rage, a ɗauki maganarsu da waya. A tambaye su wane ne makaɗin Sarkin Fawa a zamaninsu, wa ke roƙo a biki, wane mawaƙi ne ya taɓa zuwa daga Arewa, a gidan wa ya sauka. An tashi mayankar Trans-Amadi, mutanenta sun warwatsu, kowa ya tafi da abin da ya sani. Kada mu jira sauran wuraren su bi sahu. Wannan mujalla a shirye take ta buga abin da aka samo.

Na uku, in akwai tsohon makaɗi ko maroƙi ko zabiya a unguwarku da ƙarfi ya ƙare masa, a sa shi cikin lissafin zakka da taimakon asusun masallaci kamar kowane mabuƙaci. Ya yi mana hidima ranar farin cikinmu, kada sai ya mutu a fara yabonsa.

Allah ya jiƙan Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya da Barmani da Magajiya da El-Mu'az, da dukkan Musulmin da muka ambata da waɗanda ba mu san sunansu ba, ya yafe musu kurakuransu. Ga iyalan Ejeagha da Onyeka da sauran maƙwabtanmu kuma, muna miƙa ta'aziyyar jama'armu, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a kasuwa, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.